Mai Tuna Jiya Shi Ke Iya Jiran Gobe

Karatu: Farawa 25:29-34, Joshuwa 4:1-9

Me ya sa manomi yakan sayar da geronsa da kaka a kan araha, alhali ya san da damina zai saye shi da tsada? Wani lokaci bukata ce take tilasta masa. Amma sau da yawa abin da ke hannu ne yake cika ido, na nesa kuwa ya ƙanƙance. Hausawa sukan ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Haka Isuwa ya yi. Ya dawo daga jeji da yunwa, ya ba da matsayinsa na ɗan fari saboda abinci na yini ɗaya. Faten yana gabansa da ƙanshi, gādon kuwa yana can nesa.

Masu binciken ƙwaƙwalwa sun gano cewa da kayan jiya mutum yake gina hoton gobe. Akwai wani ɗan sashe a cikin ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfus, wanda yake taimakonmu tuna abin da ya same mu. A shekara ta 2007, a Landan, an gwada waɗansu majiyyata da wannan sashe ya lalace musu. Da aka ce su kwatanta kansu a wani sabon wuri, kamar bakin teku, sai suka kawo gutsattsarin abubuwa, suka kasa haɗa su wuri ɗaya. A 2010 kuma, a birnin Hambug na Jamus, an ba mutane zaɓi: Yuro 20 yanzu, ko fiye da haka nan gaba. Duk lokacin da aka tuna musu wani abin da suka shirya yi a ranar biyan, sai suka fi yarda su jira.

Ga wani gwaji da aka buga a 2013 daga Jami'ar Rocesta a Amurka. An yi wa yara ƙanana 28 alkawarin sababbin kayan zane. An cika wa rabinsu, aka saɓa wa sauran. Sa'an nan aka ajiye wa kowane yaro alewa ɗaya, aka ce in ya jira za a ƙara masa wata. Waɗanda aka cika wa alkawari sun jira wajen minti 12. Waɗanda aka saɓa wa kuwa wajen minti 3 kaɗai. Ka gani? Abin da yaro ya tuna shi ne ya auna masa darajar jira. Iyaye, ku lura: duk alkawarin da kuka karya wa yaro, kuna koya masa kada ya jira.

Amma tuni yakan yi zaɓe. Wata ɗaya kacal bayan fitarsu daga Masar, Isra'ilawa suka riƙa tuna naman da suka ci a can, suka manta da bauta, suka manta da tekun da aka raba musu (Fitowa 16). Shi ya sa da suka haye Urdun, Ubangiji ya umarci Joshuwa a ɗebo duwatsu 12 daga tsakiyar kogin, domin in 'ya'yansu suka tambaya a ba su labari.

To, kai fa? Ga abu uku da za ka yi a wannan mako:

1. Rubuta lokuta uku da ka yi haƙuri ka ga amfaninsa, da alherin da Allah ya yi maka a cikinsu.
2. Kafin ka taɓa irin shuka, ko kuɗin adashi, ko kuɗin makarantar yara, ka tsaya ka kawo ranar bukatarsu a zuciyarka: ina za ka kasance, da wa, me za ka ce?
3. Ba 'ya'yanka labarin waɗannan abubuwa da daddare. Su ne duwatsun gidanka.

Addu'a: Ya Uba, ka tsare ni daga mantuwa. Ka tuna mini da amincinka na jiya, domin kada in sayar da gobena saboda yunwar yau. Amin.