Yadda ake ziyarar tsofaffin mahaƙun zinare na Ouro Preto

Ouro Preto gari ne a kan duwatsun jihar Minas Gerais ta ƙasar Birazil, kimanin kilomita 100 daga birnin Belo Horizonte, a tudun da ya haura mita 1,000. Ma'anar sunan baƙin zinare, domin ƙwayoyin da aka fara tsinta a ƙoramunsa a ƙarshen ƙarni na 17 tsatsar ƙarfe ta lulluɓe su sun yi baƙi. A 1711 Turawan Fotugal suka ba shi matsayin gari da sunan Vila Rica, a 1980 kuma UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya. Yawancin baƙi da sun sauka a dandalin Tiradentes sai su nufi majami'un da aka shafe cikinsu da ruwan zinare, rami kuwa sai in lokaci ya ragu a leƙa shi. Ina ganin an juya abin. Kamata ya yi baƙo ya bi zinaren ta hanyar da shi kansa ya bi: rami tukuna, sannan gidan haraji, majami'a daga ƙarshe. Wanda ya fara da ƙyalli idonsa ya riga ya cika, ba zai ƙara tambayar hannun da ya tono shi ba.

Shirin ba shi da yawa. A zaɓi rani, tsakanin Mayu da Satumba, domin daminarsu ta fi ƙarfi daga Nuwamba zuwa Maris, titunan garin kuwa daɓen dutse ne masu hawa da gangara, ruwa na taɓa su sai santsi. A sa takalmi mai kama ƙasa, a riƙi rigar sanyi saboda dare, a kuma ware kwana biyu.

Safiyar farko ta ƙananan ramukan cikin gari ce, irin su Mina du Veloso da Mina do Chico Rei. A bakin ramin ake karɓar hular kwano, a shiga bayan ɗan jagora, ba a yin gaba da shi, ba a kuma ratsewa lungun da ya hana. Nan ya kamata a daɗe. A dubi sawun diga a jikin bango, a lura da yadda ramin yake bin jijiyar farin dutse inda zinaren yake maƙale, yana lanƙwasa duk inda ta lanƙwasa. A dubi rufin da aka sassaƙa kamar baka don kada ya rufta, da 'yar gangarar da aka bari a ƙasa don ruwa ya fita da kansa. A wasu wuraren sai an sunkuya, kuma wannan sunkuyon na minti biyu shi ne yinin wani. Waɗanda suka yi aikin nan bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Masu ramuka sun fi neman waɗanda suke kira 'yan Mina, wato na gaɓar da ta samo suna daga Elmina ta ƙasar Gana ta yau, saboda sun yi imanin cewa mutanen can sun san zinare. Ba banza suka yi wannan zato ba, domin tun kafin Bature ya sauka gaɓar ake haƙa da wankin zinare a ƙasar Akan. Idan ɗan jagora ya ɗauko faffaɗan akushin wanki ya nuna yadda ake juya shi yashi ya zube mai nauyi ya kwanta, duk wanda ya taɓa ganin masu wankin zinare a Zamfara zai gane motsin hannun.

Da rana sai a tafi Mina da Passagem, a kan hanyar garin Mariana. Wannan mahaƙa ce ta zamanin inji, ana sauka cikinta a wani tsohon tarago da igiyar ƙarfe ke riƙe da shi, tafiyar mita 315 zuwa zurfin mita 120, inda ake tarar da manyan zauruka da tafki mai garai-garai. Amfanin zuwa nan bayan ƙananan ramuka shi ne a ga bambancin abin da nakiya ta fasa da abin da damtse ya sara.

Kashegari a fara da Casa dos Contos, gidan wani babban mai karɓar haraji da daga baya ya zama baitulmali. Doka ta ce kashi ɗaya cikin biyar na duk zinare na sarkin Fotugal ne, don haka dole a kai garin zinare gidan narkarwa, a cire rabon sarki, a mayar da saura sanda mai hatimi. Shelar kafa gidajen nan ce ta tayar da boren 1720, wanda aka kashe ɗaya daga cikin jagororinsa, Filipe dos Santos, a kansa. Tsoron karɓar bashin haraji da ƙarfi kuma yana cikin abin da ya haifar da ƙullin tawaye na 1789, wanda ya kai ga rataye Tiradentes, mutumin da dandalin garin ke ɗauke da sunansa, a Rio de Janeiro a 1792. Kada a fita daga Casa dos Contos ba a sauka ƙasan gidan ba, inda ɗakin bayi yake.

Wani zai ce bai dace a mayar da wurin da mutane suka sha azaba wurin yawon buɗe ido da ɗaukar hoto ba. Maganar tana da nauyi, musamman idan ɗan jagora ya mayar da bulala da mari abin ba da mamaki kawai. Amma rufe ramin ba zai mutunta kowa ba, sai dai ya bar majami'u su kaɗai suna ba da labari, su kuma sunayen masu kuɗi suka fi riƙewa. Maganin shi ne zaɓen jagora, kuma a Mina du Veloso an gina bayanin ne a kan ilimin haƙa na 'yan Afirka. Wani kuma zai ce labarin Chico Rei, sarkin Afirka da aka bautar har ya fanshi kansa da mutanensa da zinare, almara ce. Gaskiya ne labarin baka ne, kuma a haka ya kamata a saurare shi. Sai dai fansar kai da ƙungiyoyin addini na baƙaƙen fata da ke taimakon 'ya'yansu abu ne tabbatacce, gininsu ma yana tsaye.

Sai yanzu a je majami'u. A São Francisco de Assis a dubi sassaƙar Aleijadinho, ɗan wani maginin Fotugal da baiwa baƙar fata, wanda ya rasu a 1814. Daga nan a hau dogon tudun da ya kai Santa Efigênia, wadda ƙungiyar baƙaƙen fata ta gina a ƙarni na 18. Mutanen garin suna cewa mata kan ɓoye garin zinare a gashin kansu, su zo su wanke shi a kwanon ruwan bakin ƙofa don a biya magina. Daga matakalarta ana hango garin duka, da duwatsun da aka huda, waɗanda aka shiga cikinsu jiya da safe.