Darasin Wata: Fatsa da Ƙaramin Jirgi a Tafkunan Amurka

Darasin wannan wata ya shafi kamun kifi a ƙasar Amurka. A can akwai wani ƙaramin jirgin ruwa da ake kira kayak. Yawanci mutum ɗaya yake ɗauka. Da shi masu fatsa suke shiga ƙananan tafkuna, su kama kifi iri biyu, wato bas da turawut. Ƙaramin tafki ba ya da wuyar ƙarewa idan aka matsa masa da su. Mai karatu zai ga yadda mutanen can suke kama kifinsu, da yadda suke hana shi ƙarewa.

Asalin kayak

Mutanen Inuwit ne da maƙwabtansu suka ƙirƙiro kayak. Suna zaune a can arewacin duniya, a Alaska da Kanada da Girinlan, inda ƙanƙara take rufe ƙasa. Da itace ko ƙashi suke haɗa jikin jirgin, sannan su lulluɓe shi da fatar dabbar teku. Da shi suke farauta a ruwa.

Yanzu da roba mai ƙarfi ake yin yawancin kayak. Na fatsa tsawonsa mita 3 zuwa 4 ne. Filafilinsa baki biyu gare shi, ana tuƙi dama da hagu. Ba shi da inji, don haka ba ya ƙara, ba ya korar kifi. Yana kuma shiga ruwa marar zurfi, cikin ciyayi, inda babban jirgi ba ya iya zuwa.

Halin bas

Sunan wannan kifi ya zo ɗaya da na motar bas, amma babu abin da ya haɗa su. Kifi ne mai faɗin baki, mai cin ƙananan kifaye da kwaɗi. Yana son ruwa mai ɗumi. Yakan laɓe cikin ciyayi ko gindin itacen da ya faɗa ruwa, ya jira abinci ya gifta. Saboda haka mai fatsa yakan bi gefen tafki a hankali, da sassafe ko da yamma. Sai ya sa tanar roba ko kwaɗon roba a ƙugiya, ya jefa kusa da maɓoyar.

Bas yakan girma sosai. A shekarar 1932 wani manomi mai suna George Perry ya kama wani mai nauyin kilo 10 a tafkin Montgomery, cikin jihar Jojiya. Har yau ana ba da labarinsa.

Idan sanyi ya wuce, namijin bas yakan share wuri a ƙasan ruwa, mace ta zuba ƙwai. Namijin ne yake gadin ƙwan. Idan aka kama shi a wannan lokaci, sauran kifaye sai su cinye ƙwan.

Halin turawut

Turawut kifin ruwan sanyi ne. Ya fi jin daɗi idan ma'aunin zafin ruwa yana tsakanin digiri 10 da 16. Idan ya wuce digiri 20, kifin sai ya galabaita. Dalili shi ne, kifi ma yana shaƙar iskar da take cikin ruwa, kuma ruwan sanyi ya fi ruwan ɗumi riƙe wannan iska.

A watannin zafi, wato Yuni zuwa Agusta, saman tafki yakan yi ɗumi. Sai turawut ya sauka ƙasa inda ruwa ya fi sanyi. Mai fatsa sai ya saki zare mai tsawo a bayan jirgi, da ɗan ƙarfe mai ƙyalli a bakinsa. Yana tuƙi sannu a hankali, ƙarfen yana juyawa kamar ƙaramin kifi, har turawut ya kai cafka. Ke nan tafki ɗaya ne, amma kowane kifi da wurinsa da dabararsa.

Dokokin kare kifi

Kowace jiha a Amurka tana da dokar su. Babban mutum sai ya yanki lasisi kafin ya jefa ƙugiya. Doka ta faɗi yawan kifin da mutum zai ɗauka a rana ɗaya. A jihohi da dama, bas ɗin da bai kai inci 12 ba, wato kamar santimita 30, dole a mayar da shi ruwa ya girma. Masu fatsa da yawa ma sukan saki manyan da suka kama, don su ci gaba da haihuwa.

A shekarar 1950 aka yi dokar da ta ware harajin kayan fatsa don aikin kula da kifi. Da wannan kuɗi da na lasisi hukumomin jihohi suke renon 'ya'yan turawut, su zuba su a tafkuna.

Irin wannan kariya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A Argungu, al'ada ta hana su a Matan Fada sai lokacin biki. Mai zuba guba a ruwa kuwa, ko mai jan taru mai ƙananan idanu, har da kifin baɗi yake kashewa.

Kare rai

Kayak yana iya kifewa idan iska ta taso ko mutum ya karkata da yawa. Ruwan sanyi yana sandarar da jiki da sauri, ko gwanin iyo ne. Shi ya sa dokar Amurka ta ce kowane jirgi ya kasance da rigar hana nutsewa, ɗaya ga kowane mutum. Mai hankali a jikinsa yake sa ta, kuma yakan gaya wa iyalinsa inda ya nufa da lokacin dawowarsa. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Su wane ne suka ƙirƙiro kayak?
2. Me ya sa turawut yake sauka ƙasa a lokacin zafi?
3. Me zai faru idan aka kama namijin bas yana gadin ƙwai?
4. Wace doka ce take kare kifi a ruwan garinku? A tattauna a aji.