Darasi: Wane Gam Ya Dace da Kwalekwalen Roba?

'Yan'uwa manoma, waɗansu ƙungiyoyinmu na bakin kogi suna da kwalekwalen roba, irin wanda ake hura wa iska. Da shi muke haye da taki da hatsi, har da marasa lafiya, sa'ad da ruwa ya cika. In ya huje, mukan ruga wurin mai faci ya shafa sholisho. Facin yakan riƙe kwana biyu, sa'an nan ya ɓamɓare, wani lokaci a tsakiyar kogi. Laifin ba na mai faci ba ne. Gam ɗin ne bai dace da jikin kwalekwalen ba.

Mu fara sanin irin namu

Jikin waɗannan kwalekwale iri biyu ne. Akwai PVC, wato yadi da aka lulluɓe da leda mai kauri. Akwai kuma Hypalon, wanda roba ce. Kamfanin DuPont na Amurka ya daina yin ta a 2010, amma waɗansu kamfanoni suna yin irinta da sunan CSM. Ga yadda za mu bambanta su:

1. Mu leƙa cikin jikin ta wurin hujin. PVC launinsa ɗaya ciki da waje. Hypalon cikinta baƙi ne ko toka-toka.
2. Mu goga samfefa a wani lungu. Hypalon takan dushe ta yi gari. PVC yakan karce kawai, ƙyallinsa na nan.
3. Mu ɗiga asiton kaɗan. PVC yakan yi danƙo, Hypalon kuwa ba ta yi.

Wane gam za mu saya?

PVC yana bukatar gam ɗin foliyuretan. Hypalon tana bukatar na niyofirin. Mu duba gwangwani, za mu ga an rubuta PVC ko Hypalon. Ƙyallen facin ma ya zama irin jikin kwalekwalen. Mu nemi gam mai haɗi biyu, wato gam da ƙaramar kwalbar maganin da ke sa shi ƙarfi. Shi ne ke jure ruwa da zafin rana. Mu haɗa daidai yadda aka rubuta, kuma iyakar abin da za mu shafa, gama bayan 'yan sa'o'i ya lalace. Kada mu sayi wanda ya daɗe a kanti har ya yi kauri.

Sholisho na tayar keke ne. Gam ɗin nan mai kamawa nan take kuwa yakan bushe ƙayau, ya tsage da zarar jikin ya lanƙwashe.

Yadda za mu yi facin

1. Mu shafa ruwan sabulu. Inda kumfa ya taso, nan hujin yake. Mu sa alama, mu sace iskar, mu bari ya bushe sarai.
2. Mu yanka faci da ya wuce hujin da santimita 5 ta kowane gefe, mu zagaye kusurwoyinsa.
3. Hypalon sai an goge ta da samfefa. PVC kuwa a share shi da asiton.
4. Mu shafa gam kaɗan a jiki da facin, ya bushe. Mu sāke shafawa. In ya yi danƙo, mu manna, mu danne da bayan cokali daga tsakiya zuwa baki.
5. Mu jira aƙalla sa'a 24 kafin mu hura iska. Kwana biyu ko uku ya fi kafin mu ɗora kaya.

Laima tana hana gam kamawa. Saboda haka mu yi gyara da rani, da safe, a inuwa inda iska ke wucewa, nesa da wuta da ƙura. Warin gam ɗin yana cutarwa, a kore yara. Kada mu jira damina ta sauka.

Tambayoyi don taron ƙungiya

1. Kwalekwalenmu wane iri ne?
2. Wa za mu ɗora wa alhakin duba shi kafin ruwan fari?
3. Nawa za mu keɓe daga asusu domin gam da faci?