Gayyar Ado Da Haƙƙin Maƙwabtaka

Darasinmu na wannan mako ya taso ne daga abin da ido ke gani a sababbin unguwanni da gidajen kwatas na Kazaure da Ɓaɓura, har ma da Roni da Gwiwa tun bayan da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991. Ma'aikaci ya tare, ya ja katanga, ya sa ƙyauren ƙarfe, sai a shekara bai san sunan wanda suke haɗa bango da shi ba. Alhali kuwa aya ta 36 cikin Suratun Nisa'i ta jera maƙwabci, na kusa da na nesa, cikin waɗanda aka wajabta kyautata musu, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito yadda Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado.

To, yaya mutum zai kyautata wa wanda bai sani ba? Iyayenmu aiki ne ya riƙa haɗa su. In an gama gini, mata su yi gayyar daɓe, maza su kwaɓa ƙasa da makuba su yi yaɓe, gwanin magina ya fitar da dagi a goshin zaure. Almajiri zai yi sauka, a kai allonsa wurin mai zayyana, unguwa duka ta fito kallo. Asalin wannan yana cikin Sunna, domin a shekarar hijira, 622, Manzon Allah da kansa ya ɗauki tubali tare da Muhajirai da Ansar wajen gina masallacin Madina, mutanen da jiya-jiya ba su san juna ba.

Dubi Yama, a yankin Tawa ta Jamhuriyar Nijar. A 1962 mutanen garin suka fara masallacin Juma'a na ƙasa ƙarƙashin maginin nan Falke Barmu, wannan ya kawo ruwa, wancan itace, wani tubali. Ginin ya yi kyan da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Babu wanda zai ɗauki ruwa a ka tare da kai wata guda, sa'an nan ka ji ya kwanta ciwo ka ƙi gaishe shi.

Sai dai akwai iyaka. Malamai sun hana sassaƙa surar abu mai rai, amma zanen dagi, da ganye, da kyakkyawan rubutu, babu laifi. Malikawa sun karhanta ƙawata bangon alƙibla, domin yana ɗauke hankalin mai salla. Saboda haka a kai adon ƙofa da bangon waje. Kada a rubuta aya inda ruwan kwata ko dabbobi za su taɓa ta. Kada kuma a matsa wa talaka da kuɗin karo-karo: wanda ba shi da fenti yana da hannu.

Limamin unguwa da mai unguwa su ne ya kamata su kira wannan gayya, bayan an gama girbi, kafin zafin bazara. A fara da bangon makarantar Islamiyya, a bar yara su riƙe burushi, a kuma aika wa baƙon da ya tare kwanan nan tun kafin kowa.