Kuɗin mijin uwa ma yana shiga FAFSA

Wata baiwar Allah ta shigo ofishina na tallafin karatu da 'yarta, idanu jajur. Ta yi shekaru tana riƙon yara uku ita kaɗai a Bronx, da aikin kula da tsofaffi a gidajensu. A shekarar farko ta karatunta yarinyar ta samu tallafin Pell cikakke, dala 7,395. Sai Allah ya kawo wa uwar miji, direban babbar mota, aka ɗaura aure aka yi rajista. Da lokacin sabunta FAFSA, fom ɗin neman tallafin, ya yi, ta kai wa wani mai cike-ciken takardu a unguwa. Ya karɓi kuɗinta, ya rubuta ba ta da aure, wai ai ba mijin ne ya haifi yarinyar ba. Aka zaɓi fayil ɗin don tantancewa, yarinya da gaskiyarta ta sa sunan mijin uwa cikin mutanen gida. Nan take muka dakatar da tallafin. Da aka sake lissafi da kuɗin shigarsa, Pell ya zabge, ga bashin makaranta, ga rajistar zango mai zuwa a rufe.

Uwar ta ce mini, "Anti, wallahi ko littafi bai taɓa saya mata ba." Na yarda da ita, amma doka ba ta tambayi wannan ba. In kina da aure ranar da aka cike fom, kuɗin mijinki ya shiga, ko yana ciyar da agola ko ba ya yi. Yarjejeniyar da kuka yi kafin aure ba ta cire shi.

Iyakar samun Pell cikakke ga uwa ko uba ɗaya tilo ita ce kashi 225 cikin ɗari na ma'aunin talauci. Da aure sai ta sauko 175. Tun 2024-25, in iyaye sun rabu, wanda ya fi kashe wa ɗalibi kuɗi a wata 12 da suka wuce shi ke cikewa, ba wanda yake zaune wurinsa ba. Makarantun da ke amfani da fom ɗin CSS Profile kuma galibi har bayanan tsohon miji suke nema.

FAFSA kyauta ce. Ku daina biyan waɗannan 'yan damfara! Ƙarya a fom na iya jawo tarar dala 20,000 ko ɗauri, kuma sa hannunki ne a ƙasa, ba na mai cike-ciken ba. In aiki ya tsaya ko aure ya mutu, ku zo da takardu mu duba. Ku zo kafin ku cike, kuma na sake faɗa, kada ku biya kowa.