Abin da Ke Kashe Injin Ban-ruwa a Fadamar Zauro

Tun 1969 aka tsara babban aikin ban-ruwa na Zauro, da niyyar shayar da sama da hekta 10,000 na fadamar Gulbin Rima tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Har yau aikin bai kammalu ba. Abin da ke riƙe da noman rani a wannan kwari shi ne ƙaramin injin fetur da manomi ke ɗaurewa a bayan babur da asuba, ya je ya dasa a bakin rijiya ko gefen gulbi. Bayan ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Kebbi a Nuwamban 2015, shinkafa ta ƙaru, injina suka ƙaru, aikin kanikawa ma ya ƙaru. Mai wannan rubutu ɗaya ne daga cikinsu, kuma mafi yawan injinan da ake sauke masa a buge, idan ya kwance su, sai ya tarar maganar baƙin mai ce.

Yawancin injinan nan samfurin Honda GX160 ne, ko kwaikwayonsa na China. Cikinsu ba ya ɗaukar abin da ya wuce kusan lita 0.6 ta mai. Ba su da matatar mai, ba su da famfon da ke tura shi, ba su da lagireto. Iska ce kaɗai ke sanyaya su. Wani ɗan ƙarfe ne a ƙasan sandar fistin yake tsoma kai cikin man yana fantsama shi sama, injin kuwa yana juyawa har sau 3,600 a minti ɗaya. Ke nan duk ƙurar hunturu da ta kuɓuce wa matatar iska, da duk garin ƙarfen da ya goge, cikin wannan ɗan man suke zama suna zagayawa har ranar juye.

Littafin Honda ya ce a juye man sabon inji bayan awa 20 na farko, daga nan kuma duk awa 100, a kuma matso da lokacin idan ana aiki cikin ƙura ko tsananin zafi. A fadama, duka biyun suna nan: ƙura a Janairu, zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu. Injin da ke aikin awa takwas kullum zai cinye awa 100 kafin mako biyu. Amma sau da yawa manomi sai ya shuka, ya yi dashe, shinkafa ta fara fitar da kai, man da aka zuba tun farkon rani ne a ciki, ciko kawai ake yi masa.

Hujjar ba ta canzawa. Mai inji zai tsoma yatsa ya murza, ya ce, "Malam, ai bai yi baƙi ba, da sauran yauƙinsa." Yatsa ba ya gane cewa sinadaran da ke cikin man sun ƙare. Abin ya ƙara rikicewa tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, manoma da dama suka mayar da injinansu masu aiki da tukunyar gas. Gas ba ya barin baƙin hayaƙi kamar fetur, don haka man kan jima da haskensa alhali zafi ya riga ya gama da shi. Bakanike yakan tsiyaye irin wannan man a faranti ya kai shi rana. Idan aka ga yana walƙiya da ƙananan ɗigo-ɗigo masu sheƙi, jikin injin ne yake narkewa a ciki.

Akwai ɓarna biyu da ba ruwansu da ingancin mai. Ta farko, dasa inji a karkace a gangaren gulbi: man ya kwanta gefe guda, ɗan ƙarfen nan ya riƙa dukan iska. Injinan da ke da na'urar kashe kai idan mai ya yi ƙasa sukan tsaya a nan, sai mai shi ya fusata ya cire wayar, ya ce tana ɓata masa lokaci. Ta biyu, ɗaukar inji a babur ba a rufe makunnin fetur ba. Girgizar hanya takan sa kabireta ta cika ta tumbatsa, fetur ya sulale cikin man. Alamarsa, man ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin fetur. Wannan juye kawai yake so, ko jiya aka zuba shi.

Wajen saye kuwa, lambobin jikin galan suna da aiki. A 10W-30, ta farko tana nuna yadda man ke gudu da sanyin safiya, ta biyu kaurinsa idan inji ya ɗau zafi. Wannan man ne Honda ya ambata, ya kuma yarda da SAE 30 a yanayin zafi, mai darajar API SJ ko sama. A kasuwa an fi cin karo da SAE 40 da 20W-50, kuma mutane na son mai kauri don yana rage hayaƙin tsohon inji. Ɓoye ciwon yake yi. Zoben fistin da ya cinye sai an canza shi. Mafi muni shi ne man awo da ake ɗurawa a gorar ruwa a bakin titi, babu suna babu lamba, wani ma tsohon juye ne aka tace.

  

Injin ban-ruwa ba shi da agogon awa, don haka bakaniken nan yakan ɗaura wa kowanne ɗan kwali a hannunsa, ya rubuta ranar juye, ya ce wa mai shi ya ja layi ɗaya duk yinin da ya yi ban-ruwa. Layi ya kai goma, a kwance notin juye tun injin na da ɗumi, a tsiyaye man tas, a wanke soson matatar iska, sannan a zuba sabo har bakin ramin zuba mai, injin na kan ƙasa mai daidai.