Gandun Daji: A Gyara Shi, ko a Bar Shi Yadda Yake?

Ya ku 'yan'uwa mutanen Birchi, da na Wurma da Barkiya, da sauran garuruwan ƙasar Kurfi da ta Dutsin-Ma, dalilin rubuta wannan 'yar takarda shi ne wata mas'ala wadda ta daɗe tana kai da komo tsakanin ma'aikatan hukuma da masana harkar daji, alhali kuwa ku da kuke kwana kuna tashi a gefen dajin, kuke cin moriyarsa, kuke kuma shan wahalarsa, ba safai akan ji ta bakinku ba. Mas'alar kuwa ita ce, idan hukuma ta keɓe wani yanki ta ce gandu ne domin itatuwa da namun dawa, shin a shiga a gyara shi ne, a tare ruwa, a fitar da hanyoyi, a dasa itace, ko kuwa a tsare shi kurum, a bar shi yadda Ubangiji Ya halicce shi?

Babban dajin da muke da shi a wannan nahiya shi ne na Rugu, wanda ya shimfiɗu yamma da mu, ya ratsa ƙasar Safana da Batsari da Ɗanmusa har ya tuƙe da Zamfara. Tun zamanin Turawa aka fara shata gandun daji a ƙasar Katsina, aka danƙa tsaronsu ga En'e, aka naɗa malaman daji, kuma har yau dattawa ba su manta da tarar da akan ci mutum in an kama shi da ɗanyen itace ba. Bayan samun mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a 1965, kuma gandun Ruma da Kukar Jangarai yana cikin na farkon da aka gwada aikin a kansu, da taimakon Amurka: aka yi madatsun ruwa domin shanu, aka tsara yadda za a riƙa kiwo. Niyya ce kyakkyawa, ba mai musun haka. Amma da masu kawo kuɗin suka naɗe tabarmarsu, sai ayyukan suka shiga lalacewa ɗaya bayan ɗaya, domin mutanen wurin sun ɗauke su kayan gwamnati ne, kayan gwamnati kuwa kowa ya san yadda ake riƙonsa. Abin da dajin Rugu ya koma a 'yan shekarun nan, na zama mafakar ɓarayin shanu da 'yan bindiga, ba sai na faɗa wa mutumin Birchi ba.

Masu cewa a gyara suna da hujja mai ƙarfi. Sukan kafa misali da Yankari ta ƙasar Bauchi, wadda aka keɓe a 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, aka yi mata hanyoyi da masauki kusa da ruwan ɗumi na Wikki, har giwayenta suka wanzu a lokacin da na wurare da yawa suka ƙare. A ganinsu, dajin da ba hanya cikinsa ba mai iya tsaronsa, kuma wanda ba ya kawo ko anini ba gwamnatin da za ta daɗe tana kashe masa kuɗi.

Masu cewa a bari kuwa, ni a nawa nazarin, sun fi su sanin halin ɗan Adam. Suna cewa hanyar da aka fitar domin motar mai gadi, ita ce dai wadda motar mai gawayi za ta bi da tsakar dare. Madatsar da aka yi domin barewa da gada, garken shanu ne zai fara isa gare ta, ya tattake bakinta har ciyawa ta daina fitowa, naman dawa kuwa da ya ji ƙafa ta yi yawa sai ya ƙaura. Haka nan dashen itace: sau da yawa akan share sabara da kalgo da geza, wai sarƙaƙiya ce marar amfani, a jera bedi sahu-sahu, a ɗauki hoto, alhali a cikin wannan sarƙaƙiyar ce zabo da fakara suke ƙwai, zomo yake ɓuya, mai magani yake samun saiwa. Bedi itace ne mai albarka a bakin titi da ƙofar gida, amma ba ya ba da kalwa kamar ɗorawa, ba ya ba da kaɗe kamar kaɗanya. Kirya ɗaya kuwa, wadda mai gawayi zai kayar kafin azahar, ta girmi kakansa. Mu nan ma muna da darasi kusa da gida, domin Dam ɗin Zobe, wanda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ya yi shekaru masu yawa ruwansa yana kwance kafin a fara cin gajiyarsa yadda aka tsara. Gini abu ne mai sauƙi ga mai kuɗi, riƙonsa ne ke bukatar mutanen da suka yarda nasu ne.

Kada wani ya zaci keɓe daji bidi'a ce ta Nasara. Malaman fiƙihu sun yi masa babi, suna kiransa hima, mu kuma muna da hurumi da burtali tun kaka da kakanni. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Ya zo a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik cewa da Umar ya naɗa wa himarsa mai tsaro, sai ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa jama'a, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya kange garkunan manyan attajirai, domin attajiri in dabbobinsa suka halaka yana da gona da dabino, talaka kuwa ba shi da madogara. Ku duba fa, a nan mai ƙaramin ƙarfi aka fara dubawa. A zamaninmu kuwa sau nawa aka juya al'amarin, aka kama tsohuwa da ƙunshin ƙirare, aka ɗaga wa mai babbar mota hannu?

Na taɓa halartar wani taro da aka kira na jin ra'ayin jama'a a kan wani gandu, ba zan faɗi inda aka yi shi ba. An kafa rumfa, an jera kujeru, manya suka yi jawabi rabi da Turanci har rana ta take, sa'an nan aka zagaya da takarda kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Can baya, wajen igiyar rumfa, akwai wani tsohon maharbi da ya tako tun asuba, ya tsuguna ya dogara sandarsa a kafaɗa, yana ta ɗaga hannu ba wanda ya kula. Da aka watse na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, me ka so ka faɗa?" Ya ce, "Ɗana, inda suka ce za su tare ruwan nan, rairayi ne. Ba ya riƙe ruwa ko na kwana bakwai. In sun gangara gabas kaɗan, gindin kanyar nan, akwai laka." Ya karkaɗe rigarsa ya kama hanya. A rahoton kuwa, na tabbata, an rubuta cewa jama'a sun amince.

Ga kuma darasi daga makwabtanmu na ƙasar Maradi, waɗanda harshenmu ɗaya, ƙasarsu ma ta fi tamu fari. Tun daga shekarun 1980 manomansu suka koma barin tohon kututture a gona, suna zaɓen reshe biyu ko uku masu ƙarfi suna sassabe sauran, kuma abin bai bunƙasa ba sai da manomi ya sakankance cewa itacen da ya raina nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara a kansa ba. Gawo da kalgo da sabara suka dawo a gonaki masu ɗimbin yawa, ba tare da an sayi dashe ba.

Abin da nake gani shi ne a bar cikin dajin kamar yadda yake, in ya so a yi gyaran a gefe, inda mashaya da burtali da wurin itacen girki suke, domin kawar da ɓarna yana gaba da jawo amfani, kuma abin da aka bari bana ana iya gyara shi baɗi, wanda aka sare kuwa sai jikoki. Amma wannan ra'ayina ne ni kaɗai, ba ya fin na ardo ko na sarkin baka nauyi. Dokar ƙasa ta 1978 ta sanya filaye a hannun Gwamna ne bisa amana domin jama'a, dokar 1992 kuma ta wajabta a binciki illar babban aiki ga muhalli, a kuma ba jama'a damar faɗin ra'ayinsu kafin a soma. Saboda haka in an yi shelar taro, kada ku ce na manya ne. Ku roƙi dagaci ya isar ga hakimi, Maraɗin Katsina a Kurfi ko 'Yanɗakan Katsina a Dutsin-Ma, cewa a sa taron ranar da ba kasuwa, kuma ba tsakiyar damina ba, a yi shi da Hausa, a samo mai fassara wa Fulani. A ware wa mata zama nasu, domin su ne suka san nisan da ake takawa yanzu kafin a cika ƙunshin itace, kuma ba za su faɗa a gaban surukansu ba. A tambayi wane ne zai riƙe aikin bayan shekara biyar, da kuɗin wa. In an gama, a karanto abin da aka rubuta da ƙarfi kowa ya ji kafin ya dangwala, a bar kwafi ɗaya a hannun dagaci, ɗaya a hannun liman, da boko da ajami.